Motar Malam Bube Mai Jan Hagu

Malam Bube Na'iya mutumin Fakku ne ta ƙasar Kebbe, amma a Tambuwal ya yi yawancin aikinsa, can kuma aka fi saninsa. Malamin dabbobi ne, irin masu bin rugage da allura da akwatin magani. Dogo ne siriri mai saurin magana, kuma in za a yi dariyar wani a majalisa ya fi so a yi tasa, shi ma zai kawo labarin da bakinsa. Yakan ce ubansa bai sa shi boko don ya ga alamar basira ba. An ce gidansu ya ba da yaro, sai tsohon ya dubi 'ya'yansa suna noma, ya zaɓi wanda rashinsa ba zai rage ko dami ɗaya ba. Wansa Namadi ya zauna ya riƙe gona, shi kuwa ya yi elementare, ya wuce midil a Sakkwato, daga nan aka tura shi can wajen Jos ya koyo aikin dabbobi. Da ya dawo aka ajiye shi Tambuwal, ya auri Safara'u, 'yar Kebbe, mace mai ƙarancin magana wadda ba ta cika tambaya ba.

Ya daɗe yana rangadi bisa doki, daga baya ya koma keke. Shekarar da aka samu mulkin kai ya ji labarin wani ɗan kasuwa a Jega yana son rabuwa da tsohuwar a-kori-kurarsa. Motar ta sha ɗaukar albasa da busasshen kifi har warinsu ya zauna mata, fentinta ya koɗe, ƙofar hagu da igiya ake ɗaure ta. Malam Bube ya kewaya ta, ya buɗe bakinta ya leƙa inji kamar mai duba haƙoran saniya, bai fahimci komai ba, ya ce ta yi. Mai motar ya koya masa tuƙi a wani fili bayan gari, ya miƙa masa makulli, ya kuma yi masa addu'a mai tsawo. Malam Bube yakan ce tun daga tsawon addu'ar nan ya kamata ya yi tunani.

Tun a hanyar dawowa ya lura tana jan hagu. A wancan zamani hagu ake bi a kan hanya, saboda haka duk lokacin da ya sassauta hannu sai ta nufi jeji, kamar jakin da ya hango ciyawa. Ya ɗauka rashin sabo ne, ya ƙara ƙanƙame sitiyari. Ya iso Tambuwal kafaɗarsa na ciwo, jama'a suka taru ana ta yi masa barka, ya fito yana murmushi yana amsa gaisuwa.

Da aka kwana biyu ciwon kafaɗa bai daina ba, ya kai ta wajen Sambo. Sambo shi ne mai gyaran duk wani ƙarfe a garin, daga keke har injin niƙa, kuma ya taɓa bin babbar mota tsakanin Gusau da Yawuri, don haka ake ce masa bakanike. Rumfarsa na gindin wata tsamiya, daidai inda hanya ta yi kwana ta ɓace bayan katanga.

"Mi yas same ta, Malam Bube?"

"Hagu taka ja. In na sake ta, sai dai a je a ɗauko mu cikin gonar wani."

"To ba ni makulli in ɗan kewaya da ita, in ji da hannuna."

Malam Bube ya mayar da makulli aljihu. Ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, duk abin da Sambo ke son ji ya tambaye shi. Gaskiyar magana kuwa, tun da ya sayi motar bai yarda kowa ya zauna kujerar nan ba, yana ganin shi kaɗai ya san lagonta. Sambo ya dube shi, ya ce to, ai motarsa ce.

Da iska aka fara. Sambo ya danna tayoyin gaba da babban yatsa, ya ce ta hagu ta fi laushi, kuma mota takan ja wajen ƙafar da ta fi laushi. Aka ɗauko famfo, Malam Bube ya tuɓe riga ya yi ta bugu har ya jiƙe. Ya shiga ya tafi yana jin an gama. Kafin ya kai kasuwa ya ji ta tana jan hagu, sai dai yanzu tana yi tana tsalle. Ya dawo, aka sauya tayoyin, ta hagu ta koma dama, ta dama ta koma hagu. Sambo ya ce in taya ce mai laifi, yanzu za ta ja dama. Ba ta ja dama ba.

Sai aka ɗaga gabanta da jak. Sambo ya kama taya da hannu biyu ya girgiza ta gefe da gefe, aka ji ƙwas ƙwas. Ya sa Malam Bube ya kwanta ƙasa ya duba sandar da ke haɗa ƙafafun gaba, ya nuna masa kanta inda ya cinye yana rawa kamar haƙorin tsoho. Malam Bube ya yi murna da ganin ciwo ido da ido, don a aikinsa ba abin da ya fi wannan daɗi. Aka aika Sakkwato ta hannun wani direban babbar mota, aka jira har aka fara mantawa, sannan ƙarfen ya iso aka ɗaura. Ƙwas ƙwas ya tafi. Jan hagu yana nan, ya ma fi fitowa sosai tunda yanzu ba ƙarar da ke ɗauke masa hankali.

Haka aka yi ta yi har damina ta shiga ta fita. Tsohuwar mota ba inda za a taɓa a rasa ciwo, kuma kowane ciwo aka samu sai Malam Bube ya rantse shi ne. Sitiyarin yana da wasa, ana juya shi kamar faɗin tafin hannu kafin tayoyi su motsa. Sambo ya buɗe akwatin sitiyari ya tarar ya bushe ƙayau, ya zuba mai, ya ɗaure notin da ke samansa kaɗan-kaɗan har wasan ya ragu. Aka lura gefen taya ɗaya na cinyewa, aka samo dogon kara aka auna tsakanin tayoyin gaba ta gaba da ta baya, aka daidaita. Sambo ya ce wani lokaci birkin ƙafa ɗaya kan riƙe, a gane shi da zafi bayan an yi tafiya. Malam Bube bai tsaya jin ƙarshen bayani ba. Ya je Sanyinna ya dawo, ya yi ta taka birki a hanya, yana tsayawa ya sa tafin hannu gaba ɗaya a jikin ƙarfen tayar hagu. Ya yi sati yana cin tuwo da cokali. Da ya warke ya gaya wa Sambo lalle ta hagu tana da zafi. Sambo ya tambaye shi ta dama fa. Ya ce bai taɓa ba, hannun da zai taɓa da shi ya riga ya ƙone.

Daga nan ya fara zargin kansa. Ya tuna yana yaro ya faɗo daga jaki ya karye a hannun dama, ya ce wataƙila hagunsa ya fi ƙarfi, shi ke jan motar bai sani ba. Ya gwada tuƙi da hannun dama kaɗai, ya kusa shiga rijiya. Sannan ya zauna ya yi wani dogon tunani, irin na wanda ya yi midil. Ya ce jaki in kaya ya rinjaya gefe ɗaya, ana ɗora dutse a ɗaya gefen. Ya sayi buhun kanwa, ya ajiye a bayan motar ta hannun dama, daidai saman taya, ya ɗaure shi tam. Jan ya ƙaru. Ya ce kanwar ce ta yi kaɗan, ya ƙara rabin buhu.

Wansa Namadi, da Malam Bube ya kai masa ziyara Fakku, ya saurari labarin duka yana gyara ƙotar fartanya.

"Bube, ka sai da ita ka koma bisa kekenka. Keke bai taɓa kai ka inda ba ka nufa ba."

"Yaya, ai an kusa gano ciwon."

"Bara ma haka kac ce."

Bai sayar ba. Ya saba da ita haka nan, hannunsa ya koyi riƙe sitiyari a karkace, kafaɗarsa ta dama ta ɗan ɗaga sama har Safara'u ta ce rigunansa sun fara zamewa gefe.

Ana cikin haka aka shiga babbar allurar rigakafin cutar bushiya, wadda aka yi wa shanun ƙasar gaba ɗaya. Aiki ya yi yawa, kullum yana jeji. Wata rana da rani, a rugar wani Arɗo Jumare da ke bayan Kebbe, ana riƙe da wani bajimi, Malam Bube ya soka allura ya juya yana yi wa makiyaya bayanin yadda ake tsayawa kusa da sa ba tare da ya taɓa mutum ba. Bai rufe baki ba bajimin ya fizge, ya maka masa ƙaho a gwiwar hannu. Ba a samu karaya ba, amma hannun ya kumbura suntum, ko yatsa ba ya iya lanƙwasawa. Arɗo ya sa aka ɗaure masa da rawani aka rataye a wuya, aka kai shi Kebbe bisa jaki, motar ta kwana a ruga. Aka aika Tambuwal, washegari Sambo ya iso bisa keke, suka koma rugar tare.

Malam Bube ya miƙa makulli da hannun hagu, kamar mai ba da 'yarsa aure ga wanda bai so ba. Aka jefa keken a baya, Sambo ya zauna kujerar da ba a taɓa bari ya zauna ba, Malam Bube yana gefe yana ta ba shi umarni. Ba su yi nisa ba Sambo ya ce, "Wanga ja ba daga gaba shika zuwa ba. Kamar ana tura ta daga baya nika ji." Malam Bube ya ce ya dai dubi hanya.

Suka iso wani busasshen rafi mai faɗi, yashi ne zalla. Sambo ya ce sai an rage nauyi, in ba haka ba za ta kafe. Aka sauke keke, aka sauke kanwa, Malam Bube ma ya sauka. Sambo ya ja da baya ya ɗauko gudu, ya ratsa yashin. Malam Bube yana tsaye da hannu a rataye, ya bi ta da kallo. Tun ranar da ya saye ta bai taɓa ganin bayanta tana tafiya ba sai yau.

A karkace take tafiya. Gabanta na kallon gefe guda, gindinta ya fita dama, kamar karen da ke sassarfa. Ya sunkuya ya dubi yashi. Mota mai lafiya in ta miƙe, tayoyin baya kan taka sawun na gaba, a ga layi biyu. Nan layi huɗu ne shimfiɗe, kowane da hanyarsa, tun daga wannan gaɓa har waccan.

Ya daɗe a tsugune. Abin da ya fi ci masa rai, ranar farko da ya shiga makarantar dabbobi abin da aka koya musu ke nan: ba a duba gurguwar dabba tana ɗaure, sai a sa wani ya ja ta, mai duba ya tsaya daga baya ya ga tafiyarta. Ya faɗa wa makiyaya wannan magana ba adadi, wani lokaci har da faɗa. Sambo ya gaji da jira ya dawo da ƙafa, ya same shi yana dariya shi kaɗai yana riƙe da hannun mai ciwo, don dariyar tana motsa shi.

"Lafiya, Malam Bube?"

"Zo ka ƙirga sawun nan, Sambo. Ni dai fuɗu nig gani."

Sambo ya duba, ya bi sawun da ido har gaɓa, ya koma wajen motar ya shige ƙarƙashinta ta baya, inda shi ma bai taɓa leƙawa ba. Can ya kira shi. Sifirin na baya na hannun dama, wato jerin falle-fallen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, yana da wata kusa a tsakiya wadda ke riƙe ƙarfen tayoyin baya kada ya gusa. Kusar ta karye tun tuni, har karayar ta yi tsatsa, ƙarfen ya zame baya ta wannan gefen kamar faɗin yatsu biyu. Tayoyin baya sun daina kallon gaba, suna tura gindin motar dama, hancinta kuma dole ya nufi hagu. Gaban da aka shekara biyu ana yi wa magani ba shi da laifin komai a wannan batu. Sambo ya fito yana kakkaɓe yashi, ya dubi inda igiyar kanwa take ɗaure, daidai saman sifirin da kusarsa ta karye, ya dubi Malam Bube, ya ga hannunsa a rataye, ya fasa magana.

"Faɗi dai," in ji Malam Bube. "In ba ka faɗi ba ni zan faɗi a majalisa."

Suka lallaba a hankali har Tambuwal. Da ya shiga gida, Safara'u ta kawo ruwan zafi tana gasa masa hannu, ya ba ta labari tun daga bajimi har sawu huɗu. Ta saurara ba ta nuna mamaki ba.

"Ai haka taka tafiya, Malam. Kullum in ka fita ina leƙawa daga zaure, a gicciye kaka tafiya har ka sha kwana."

"Kin gani, ba ki faɗa mini ba?"

"Na zaci yanga ce. Matan unguwa ma sun ce tun da kas sayi mota ka koyi tafiyar ƙasaita."

Ya tambaye ta ko ba ta ji shi yana kukan jan hagu ba duk tsawon lokacin nan. Ta ce ta ji, amma shi ya ce ciwon a sitiyari yake, ita kuwa ba ta taɓa ganin sitiyari ya yi wani abu ba. Malam Bube ya miƙa mata hannu ta ci gaba da gashi.

Gyaran bai ɗauki wuni ba. Sambo ya samo kusa daga wata matacciyar mota, maƙeri ya rage mata tsawo, aka ɗaga baya aka mayar da ƙarfen mazauninsa aka ɗaure. Da hannun ya saɓe, Malam Bube ya sa farar riga, ya ce wa Safara'u ta shirya su je Kebbe gaida iyayenta, yau za ta ga tafiyar mota. Suka fita gari lafiya. Sai dai hannun da ya shekara biyu yana jan sitiyari dama bai ji labarin an yi gyara ba. Suna isa wani ƙauye ya ɗaga hannu ɗaya yana amsa gaisuwa, ɗayan ya yi aikin da ya saba, motar ta tsallaka hanya ta dama, ta ratsa dangar kara, ta tsaya da hancinta a jikin rumbun wani bawan Allah. Ba wanda ya ji ciwo. Rumbun ya tsage, gero ya zubo bisa gilashi. Mai rumbun ya fito, ya gane malamin da ke yi wa shanunsa allura, ya tsaya yana yi masa sannu. Malam Bube ya fito ya tuɓe farar rigar, shi da mutanen ƙauye suka kwashe gero, ya yi alkawarin turo mai gini, ya kuwa turo. Safara'u ba ta sauka ba. Da ya dawo ya zauna ta ce, "Da can ta fi tafiya daidai." Suka isa Kebbe bayan la'asar da tsabar gero cikin hularsa.

Sai da ya koma filin bayan gari ya sake koyon miƙe hanya kamar sabon shiga. A hankali kafaɗar ta sauko. Motar ta yi masa aiki har aka gama allurar bushiya, ta kai masu haihuwa asibiti, ta ɗauki amare, ta kai gawa. Makulli kuwa ya daina rowarsa, Sambo kan ɗauke ta ya je Jega sayen kayan gyara ya dawo. Da motoci suka fara yawa a garin, malaman makaranta da akawuna masu tsofaffin motoci sukan zo wajen Malam Bube da kukan sitiyari, don an san ba wanda ya kai shi shan wuyarsa. Yakan tambaye su ko ja take yi, ko wasa, ko rawa, ko nauyi, ya gaya musu inda za a duba da wanda za a fara da shi, sannan ya tura su wajen Sambo. In an yaba masa sani sai ya ce duk abin da ya sani sai da ya fara yin kuskurensa tukuna.

Shekarar da aka raba Jihar Arewa aka yi jihohi, aka yi masa canji zuwa can gabashin Sakkwato. Motar ta riga ta gaji, injinta na shan mai kamar ruwa, ba za ta kai shi ba. Ya bar wa Namadi ita a Fakku. Namadi, wanda bai taɓa son ta ba, ya sa aka cire tayoyin da ƙarfen baya aka yi amalanken shanu da su, gangar jikin kuma kaji suka samu ɗaki. Malam Bube ya yi sauran shekarun aikinsa bisa babur, ya yi ritaya ya dawo Kebbe kusa da dangin Safara'u, ya kama 'yar gona da awaki. Ranar kasuwa yakan zauna rumfar masu sayar da dabbobi, ana kawo masa akuya ko tunkiya ya duba kyauta, yana duba yana ba da labari, masu ciniki su manta da cinikinsu. A nan Kebbe ya rasu da tsufansa, bayan 'yar gajeriyar rashin lafiya, aka yi masa sutura da hantsi. Sambo, wanda shi ma ya tsufa ƙwarai, jikokinsa suka kawo shi daga Tambuwal, ya zauna zaman makoki har aka yi sadakar uku sannan ya koma.